Neman kalma: ciwon da ke kama mai hawa tsauni

Mai Shirin Lafiya, Jos: Assalamu alaikum. Jama'a a taimaka, gobe da ƙarfe 4 na yamma zan shiga situdiyo, kuma har yanzu ban samu Hausar altitude sickness ba. Wani mai sauraro ne ya rubuto cewa ƙaninsa ya je hawan tsaunin Kilimanjaro na Tanzaniya, a rana ta uku kai ya sara masa, ga amai, ga jiri, barci ya gagara, dole aka sauko da shi. Na rubuta "ciwon hawa", na karanta wa yaron da ke haɗa mini sauti, ya ɗago kai ya ce, "Anti, hawan jini ke nan?" Nan take na soke.

Ɗan Rikkos: Ciwon dutse mana, Anti. Ko ciwon ƙarancin iska.

Nas Mai Aikin Dare: A'a ƙanina. A asibiti ka ce dutse, tsakuwar ƙoda za a ɗauka. Iska kuwa, da ka haɗa ta da ciwo a rediyo, rabin masu sauraro aljanu za su ji, su nufi gidan mai ruƙiyya.

Likita, Abuja: Hajiya, a gane abin tukuna. Iskar can sama ba ta sauya ba, oksijin ɗinta kashi 21 cikin 100 ne kamar ta nan ƙasa. Nauyinta ne ya ragu, sai kowane numfashi ya shigo da kaɗan. A ƙolin Kilimanjaro, mita 5,895, kusan rabin abin da kike samu a bakin teku za ki shaƙa. Yawanci sai an haura mita 2,500 ciwon ke farawa, sa'o'i 6 zuwa 12 bayan isa. Jos wajen mita 1,200 take, duwatsun Shere wajen 1,800, Chappal Waddi na Taraba da ya fi ko'ina tsawo a Najeriya ma 2,419 ne. Shi ya sa kakanninmu ba su raɗa masa suna ba. Jiki yana sabawa in an ba shi lokaci: numfashi da bugun zuciya su ƙaru, ƙoda ta saki sinadarin da ke sa ɓargo ya ƙara jajayen ƙwayoyin jini. Dalilin da 'yan tseren Kenya ke atisaye a Iten, wani gari da ke kan tudu mai tsawo, ke nan. Ni dai "ciwon tsauni" nake gani.

Malamin Nahawu: Dakta, shekara 30 ina koyar da Hausa, kuma "oksijin" ɗin nan naka ya tsaya mini a wuya. Sannan me ya sa kullum sai mun jingina da "ciwon kaza"? Bahaushe da ya ga cuta mai sanƙarar da wuya, kalma ɗaya ya ƙera, sanƙarau. A bi sawunsa a ce TSAUNAU. Tsaunau ya kama shi, ya warke daga tsaunau. Ku faɗa da baki ku ji daɗinta.

Nas Mai Aikin Dare: Allah ya gafarta Malam, sanƙarau daga aikatau ta fito, abin da cutar ke yi wa mutum take faɗa. Tsauni suna ne, ba ya aikata komai.

Malamin Nahawu: 'Yata, ba a Jos za a koya mini ƙirar kalma ba, inda ake ce wa mace "ya zo".

Ɗan Rikkos: Baba, wannan maganar ta yi mana zafi. Hausar da kake rainawa ita Birom da Angas da Ibo ke ciniki da ita a Taminus tun safe har dare. Mu muka kai harshen inda bai taɓa zuwa ba.

Malamin Nahawu: Yaɗa harshe daban, tsare shi daban. Yau oksijin, gobe me zai rage mana?

Likita, Abuja: Malam, mota da asibiti da allura duk baƙi ne, sun zauna lafiya. Hajiya, ko wace kalma kika ɗauka, ki faɗa musu wannan: wanda ciwon ya kama kada ya ƙara hawa. In ya fara haki yana zaune, ko tari mai kumfa, ruwa ne ke taruwa a huhu. In yana tangaɗi ko sambatu, ƙwaƙwalwa ce ke kumbura. Duka biyun suna kisa, a sauko da shi ko da tsakar dare ne. Bayan mita 3,000, kada wurin kwanan yau ya ɗara na jiya da fiye da mita 500.

Nas Mai Aikin Dare: Ki ƙara da masu sikila, su ga likita kafin irin wannan tafiya. Amma Dakta, wanda jirgi ya sauke a La Paz ta Bolibiya, mita 3,600, bai hau tsaunin komai ba, kuma yana kamuwa.

Likita, Abuja: Gaskiyarki, kalmar ta gaza a nan. Ba ni da wadda ta fi ta.

Mai Shirin Lafiya, Jos: Dare ya yi, na gode muku. Zan ce "ciwon tsauni", in bi shi da bayanin cewa yana kama duk wanda ya isa wuri mai tsawo da gaggawa, da ƙafa ko a jirgi. Malam, zan ambaci tsaunau a ƙarshe, in ji ra'ayin masu kira.

Malamin Nahawu: Ban gamsu ba, Hajiya, amma ki yi aikinki. Ki dai ja wasalin ƙarshe yadda ya kamata, zan kunna rediyo.