Wace irin babbar mota ce wannan mai zagayayyen hanci?

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Na samu hoton wata tsohuwar babbar mota mai gajeren hanci zagayayye, fitilunta biyu suna cikin ragar gaba, an kuma cire tambarin. Ko akwai wanda ya san ta?

Tsohon direba: Wa alaikumus salam. Bayaninka ya yi daidai da Mercedes-Benz mai gajeren hanci, wadda aka fara ƙerawa a 1959. Dokar Jamus ta taƙaita tsawon manyan motoci a lokacin, shi ya sa aka tura wani ɓangare na injin cikin kan motar, wato inda direba ke zama. Lambar samfurin motar ma tana magana: 911 tana nufin nauyin tan 9 da ƙarfin doki kusan 110, 1113 kuwa tan 11 da kusan 130.

Makanike: Baba, a yi hattara da hukunci daga siffar kan mota kaɗai. Wani dillali ya taɓa sayar wa maigidana mota a kan cewa komai nata na asali ne, sai da muka kwance ta muka tarar an ɗora kan wata mota a kan shasin wata, wato ƙarfen ƙasa da ke ɗauke da jikin mota. Ramukan kusoshin ba su hau juna ba, an huda sababbi da wuta, kayan birkin da muka saya bisa siffar kan kuwa ko ɗaya bai shiga ba. Tun daga masana'anta ma akwai ruɗani, domin kamfanonin Leyland da Albion da Dodge sun yi tarayya a kai iri ɗaya da ake kira LAD. Ka nemi lambar da aka buga a jikin shasi kafin ka yarda da fuska.

Wani memba: Kamfanin Tata na Indiya ma ya ƙera masu kama da Mercedes, tunda sun yi haɗin gwiwa daga 1954.

Mai son Bedford: Duk wannan yabon Jamus ne. Bedford TJ ta 1958 ta fi sauƙin gyara.

Makanike: TJ na yarda, Alhaji, amma Bedford TK kan motar ba ya kifawa gaba, ta ƙananan ƙofofin gefe ake laluben injin. Sai a Bedford TL ta 1980, mai kan da ke kifawa, aka huta.

Mai son Bedford: Wanda ya iya aikinsa ba ya kuka da ƙofa.

Mai tambaya: Hoton daga gaba kawai aka ɗauka, ba a ganin shasin.