Bayan likita ya ce kumburin hanji ne

Masu fama da ciwon kumburin hanji da muka tattauna da su sun ce ruɗewar makonnin farko kowa ya sha ta. Fara da tambayar likita wanne ne naka cikin manyan nau'o'in ciwon guda biyu, Kuron da kolaitis: Kuron na iya kama ko'ina daga baki har dubura, kolaitis kuwa babban hanji kaɗai. Wata baiwar Allah ta daɗe tana shan maganin atini kafin a gano. Yanzu ƙaramin littafi take riƙewa, tana rubuta abin da ta ci da yawan zagayawarta, ta kai wa likita. Wannan shawarar ta fi kwanta mini a rai. Sun kuma ja kunne a guji magungunan rage raɗaɗi na ibufurofen da diklofenak, kada a yanke firedinisolon, maganin rage kumburi, kwatsam. In jini a bayan gida ya ƙaru ko zazzaɓi ya zo, a koma asibiti a ranar.