Talauci ne yake haifar da nakasa, ko nakasa ce take jawo talauci?

Mai_Neman_Sani ya rubuta:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. A rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a shekarar 2022, an ƙiyasta cewa mutane biliyan 1.3, wato kashi 16 cikin 100 na al'ummar duniya, suna rayuwa da nakasa, kuma kusan kashi 80 cikin 100 daga cikinsu suna ƙasashe matalauta da masu matsakaicin arziki. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne yadda nakasa da talauci suke zaune gida ɗaya kusan duk inda mutum ya duba. Shin talaucin ne yake nakasa mutane, ko kuwa nakasar ce take jefa su cikin talauci? Ina ganin amsar ita za ta nuna inda ya kamata a fara, domin idan talauci ne tushen, sai a raba wa mutane jari, idan kuma nakasa ce, sai a mayar da hankali kan asibiti. Ina neman bayani daga masu ilimin abin.

Ma'aikaciyar_Jinya ta rubuta:

Wa alaikumus salam, Malam. Kowanne yana haifar da ɗan'uwansa, amma a ƙasashe matalauta yawanci talaucin ne yake fara buɗe ƙofa. Yawancin nakasar da nake gani a wurin aiki tana da rigakafi ko magani, sai dai mai ita bai iso kan lokaci ba. Sanƙarau yana barin yaro da kurumta. Ƙyanda, idan ta haɗu da ƙarancin sinadarin bitamin A a jiki, tana makantar da shi. Doguwar naƙuda a inda babu ungozomar da ta ƙware tana iya hana iska isa ƙwaƙwalwar jariri, ta kuma bar uwar da yoyon fitsari, wato haihuwa ɗaya ta nakasa mutum biyu. Yanar ido kuwa aikinta bai fi 'yan mintuna ba a hannun likita, amma tana cikin manyan dalilan makanta a duniya saboda talaka ba ya da kuɗin aikin, ba ya ma da kuɗin motar zuwa inda ake yi.

Inda aka yi da gaske an ga sakamako. A shekarar 1988, lokacin da aka ƙaddamar da yaƙi da shan inna a duniya, cutar tana shanye kimanin yara 350,000 a kowace shekara, ga shi a watan Agustan 2020 an ayyana nahiyar Afirka a matsayin wadda ta rabu da asalin ƙwayar cutar.

Ta ɗaya ɓangaren kuma, idan magidanci ya makance, gona ta tsaya, sannan a cire yaro daga makaranta ya zama ɗan jagora. Shi yaron lafiyarsa ƙalau, amma nakasar mahaifinsa ta riga ta raba shi da karatu, kuma shi ne zai zama talakan gobe.

Mai_Keke ya rubuta:

Malama ta yi bayani mai kyau, Allah ya saka. Sai dai ina so in ƙara abin da tambayar ta tsallake, domin kuɗi da asibiti ba su ne kaɗai hanyoyi biyun ba. Shan inna ta shanye mini ƙafafu tun ina shekara uku, kuma babu asibitin da zai mayar mini da su. Ƙafafun ba su hana ni karatu ba. Abin da ya kusa hana ni shi ne matakala uku a ƙofar aji, da ƙofar bayan gida wadda keke ba ya shiga. Shekara da shekaru ba na shan ruwa da safe idan zan tafi makaranta, don kada fitsari ya matse ni in rasa yadda zan yi sai rarrafe a ƙasa mai ƙazanta. Ba wanda ya kore ni da baki, ginin ne yake korata kullum. Da na gama karatu aka kira ni ganawar neman aiki, na tarar ofishin yana hawa na biyu, aka ce in bar takarduna a hannun maigadi. Har yau ban ji daga gare su ba.

Akwai kuma wani abu da masu auna talauci suke yawan mantawa da shi. Masanin tattalin arziki Amartya Sen ya bambanta cikas iri biyu: na samun kuɗi, da na mayar da kuɗin ya zama rayuwa mai kyau. Ni da maƙwabcina muna iya samun kuɗi daidai wa daida a wata, amma ni sai na biya kuɗin kujera biyu a mota saboda kekena, na gyara taya, na sayi maganin gyambon da yawan zama yake haifarwa, wani lokaci ma na biya wanda zai tura ni. A takarda dukanmu mun tsallake layin talauci, a zahiri kuwa ni ina ƙasa da shi. Keken ma da nake magana a kansa sa'a ce na yi. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya da Asusun UNICEF na 2022 ya nuna cewa kusan mutum biliyan ɗaya ba su da kayan taimakon da suke buƙata, irin su keken guragu da na'urar ji da tabarau, kuma a wasu ƙasashe matalauta kashi 3 cikin 100 ne kawai na mabuƙata suke samu.

Saboda haka idan aka ga nakasasshe yana bara, ya kamata a fara tambayar ƙofofi nawa ya ƙwanƙwasa kafin ya zauna a bakin titi.

Ɗan_Ƙididdiga ya rubuta:

Ina goyon bayan Malam Mai_Keke, kuma wariyar tana farawa ne tun daga ƙirga. Idan mai ƙidaya ya tambayi maigida ko akwai nakasasshe a gidansa, sau da yawa zai ce babu, saboda kunya ko tsoron kada a ƙi auren 'ya'yansa, shi ya sa ƙidayar ƙasashe da dama ta daɗe tana fitar da adadi ƙanƙani. Kwamitin Washington da aka kafa a 2001 a ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya ya sauya salo, ya tsara tambayoyi shida da ba su ambaci kalmar nakasa ba, suna tambaya ne a kan wahalar gani, da ji, da tafiya, da tunawa, da kula da kai, da fahimtar juna a magana. Wanda ba a ƙirga ba, ba zai shiga kasafin kuɗi ba.

Doka kuwa akwai ta. Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da Yarjejeniyar Haƙƙin Masu Nakasa a ranar 13 ga Disamba 2006, ta fara aiki a Mayun 2008, kuma mafi yawan ƙasashen duniya sun rattaba hannu. Sashe na 24 ya yi magana kan ilimi, na 27 kan aiki, na 28 kan tallafin rayuwa. Yuganda ma ta ware kujeru biyar a majalisarta domin masu nakasa. Matsalar ita ce dokar da ba a ware mata kuɗi ba, ba ta faɗaɗa ƙofar bayan gida ko ɗaya.

Uwar_Yaro ta rubuta:

Na amince da duk abin da aka faɗa, amma ina roƙon kada a raina tallafin kuɗi. Ɗana ya kurumce bayan sanƙarau yana ɗan shekara biyu, kuma ni ce na ajiye sana'ata don in kula da shi, domin kusan ko'ina wannan nauyi kan uwa yake faɗawa. Makarantar da ke kusa da mu ta karɓe shi, ba ta kore shi ba, amma babu malami ko ɗaya da ya iya maganar hannu. Ya shekara biyu yana zaune a layin gaba yana kwafar abin da ke kan allo da rubutu mai kyau, ba tare da ya san ma'anar kalma ɗaya ba. Makarantar kurame tana da nisa, kuma kuɗin mota ne ya tsaya tsakaninmu da ita. Da a ce akwai ɗan abin da ake ba mu duk wata, da ya fara karatun gaske tun da wuri. UNICEF ta ce a 2021 akwai yara masu nakasa kusan miliyan 240 a duniya, kuma a bayan da dama daga cikinsu akwai macen da ta bar nemanta.

Mai_Keke ya sake rubutawa:

Gaskiyarki, 'yar'uwa, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ban ƙi tallafi ba, abin da nake ƙi shi ne tallafin da ake yankewa da zarar mutum ya sami aiki, domin kuɗin gyaran keke ba ya tsayawa ranar da aka ɗauke ni aiki. A ba da shi don ya rufe ƙarin kuɗin da nakasa take ci, sannan a gyara makarantar. Malam Mai_Neman_Sani, idan kana da hannu a wani shiri na tallafi, ka duba inda ake yin rajista, ka ga ko keke zai iya shiga, ko akwai mai fassara wa kurame, ko kuma an yi sanarwar ta hanyar da makaho zai ji.