Labarin zuciya a tambayi fuska: kimiyya ta yarda kuwa?

Abu Hanan: Jama'a ni fa ina nan a kan bakana, fuska ba ta ƙarya. Duk inda ɗan Adam yake a duniya fushi ɗaya ne, murna ɗaya ce. Paul Ekman, masanin halayyar ɗan Adam ɗan Amurka, ya je Papua New Guinea a ƙarshen shekarun 1960 wajen ƙabilar Fore da ba su cuɗanya da Turawa sosai ba, ya nuna musu hotunan fuskoki suka gane fushi da farin ciki da baƙin ciki da ƙyama. To me ya rage kuma?

Maman Iman: Malam ka faɗi rabi ka bar rabi. Mutanen Fore ɗin nan sun riƙa rikita tsoro da mamaki. Kuma ba tambayarsu aka yi me kuka gani ba, ɗan labari ake ba mutum sai a ajiye masa hotuna biyu ko uku a ce zaɓi wanda ya dace, ai an riga an share masa hanya

Abu Hanan: Haba Hajiya, to makafi fa? David Matsumoto, shi ma masanin halayyar ɗan Adam, ya duba hotunan 'yan judo a gasar Olamfik da ta nakasassu ta 2004 a Athens, waɗanda aka haifa ba sa gani suna yin irin fuskar masu gani in sun ci ko an cinye su. Wa ya koya musu?

Sadiqu: Wannan kam hujja ce wallahi, ni ta kama ni.

Maman Iman: Ba na musun wannan. Akwai abin da aka haife mu da shi, murmushi ba a makaranta ake koyonsa ba. Amma ka lura a binciken nan har waɗanda suka sha kaye a wasan ƙarshe suka tashi da azurfa sun yi murmushi a kan dandamali, makafin ma haka, alhali ransu a ɓace yake. Kenan fuskar ta iya ladabi tun asali, wato ta iya ɓoyewa. Maganarka ita ce ba ta ƙarya, nan ne muka rabu.

Malam Nura: Bari in sa baki. Abu biyu kuke haɗawa, na farko shin jiki yana da motsin fuska na halitta, na biyu shin in ka ga motsin za ka iya rantsuwa kan abin da ke ran mutum. Na biyun ne ya sha ruwa. A 2019 Lisa Feldman Barrett da wasu masana huɗu sun bi bincike sama da 1000, suka ga mutum in yana fushi bai fi kashi 30 cikin ɗari na lokutan yake ɗaure fuska ba, sauran ko ya yi shiru ko kuka ko ma dariya, sannan ana ɗaure fuska saboda zurfin tunani ko ciwon ciki. A tsibiran Trobriand na Papua New Guinea kuma, fuskar nan ta zare ido da buɗe baki da Turawa ke kira ta tsoro, su barazana suke ganinta, an wallafa wannan a 2016.

Sadiqu: Tirƙashi. To manhajojin da ake cewa suna karanta fuskar mai neman aiki fa?

Malam Nura: Can ne abin ya fi ban tsoro ƙanena. Microsoft da kanta ta janye irin wannan a 2022, dokar Tarayyar Turai ta 2024 ma ta hana amfani da shi a wuraren aiki da makarantu sai don lafiya ko tsaro.

Abu Hanan: Na'ura daban, mutum daban. Uwa tana kallon ɗanta ta san akwai damuwa ko bai buɗe baki ba, ku ce min ƙarya ne.

Maman Iman: Ta sani mana, amma ba fuskar kaɗai ta karanta ba Malam. Ta ji sallamarsa, ta ga yadda ya ajiye jaka, ta san jiya me ya faru, shekara nawa tana tare da shi. A yanko mata hoton fuskar yaron wasu, babu murya babu labari, mu gani

Abu Hanan: Ni dai har yanzu ba ku ba ni amsar makafin nan yadda zan gamsu ba.

Sadiqu: An ba ka, gungura sama ka sake karantawa 😂