An sa wa Mama roba a jijiya, huhunta ya lotsa

Assalamu alaikum. Don Allah a sakaya sunana. Mahaifiyarmu ce aka kwantar za a fara mata wankin ƙoda. Shekaranjiya aka zura mata roba a babbar jijiya, nan ƙasan ƙashin wuya ta dama. Ba a jima ba ta fara cewa ƙirjinta na sukarta in ta ja numfashi. Da aka yi hoto, likita ya ce allurar ta taɓa huhu, iska ta fita ta taru tsakaninsa da haƙarƙari ta danne shi. Da farko oksijin kawai suka sa mata. Jiya hoto ya nuna iskar ta ƙaru, sai aka huda gefen ƙirjinta aka sa tiyo da ya sauka cikin wata kwalba mai ruwa. Duk tarin da ta yi sai ruwan ya yi kumfa. Yayanmu ya dage mu ɗauke ta, wai ganganci ne. Ni kuma tsoro nake ji. Ga shi mun biya mata kujerar Umara.

Wata nas: Wa alaikumus salam, Allah ya ba Mama lafiya. 'Yar'uwa, kada ku ɗauke ta da tiyon nan a jiki. Saman huhu daf yake da waccan jijiyar, ko a hannun ƙwararre hakan yakan faru. Kumfar da kike gani iskar ce take fita, ruwan kuma shi ke hana ta komawa. Ke mai jinya, ki sa ido a kan kwalbar: kullum ta zauna a ƙasa da ƙirjinta. Na sha ganin 'yan dubiya sun ɗora ta kan gado don a samu wurin shimfiɗa tabarma, kada ki bari. Kada tiyon ya lanƙwashe a ƙarƙashinta, kada kowa ya matse shi. In numfashi ya ƙara sarƙe mata, ko ta hau gumi da jiri, ki ruga ki kira su ko tsakar dare ne.

Wani likita: Jinkirin ranar farko ba sakaci ba ne. In iskar kaɗan ce, jiki na shanye ta da kansa, kusan kashi 1 zuwa 2 cikin 100 a yini, oksijin kuma na ƙara saurin hakan. Sai ta ƙaru ake sa tiyo. Ana cire shi idan kumfa ta tsaya kuma hoto ya nuna huhun ya buɗe, yawanci cikin 'yan kwanaki. Batun Umara: a cikin jirgi iskar da ta rage a ƙirji kumbura take yi. Sai hoto ya tabbatar ta warke sarai, sannan a ƙara aƙalla mako guda. Likitan ƙodarta ma sai ya sa baki.

Wata 'yar'uwa: An yi wa maigidana irinsa. Wurin tiyon akwai zafi, shi ya sa ya riƙa ƙin yin tari, alhali tarin da jan dogon numfashi a zaune ake so. Ki roƙa mata maganin zafi a wurinsu. Kada ku sayo ibuprofen ko diclofenac a kemis, suna cutar da mai ciwon ƙoda.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. Na karanta wa Yaya, ya yarda mu zauna, amma gobe zai samu babban likita ya yi mana bayani dalla-dalla. Yanzu na gyara tiyon, ashe ya naɗe a cikin zanin gado.