Zan haɗa kwamfutar gem ta farko, kuɗina kaɗan ne

Dan_Fagge: Assalamu alaikum 'yan uwa. Na daɗe ina tara kuɗi don in haɗa kwamfutar buga eFootball da GTA V. Hankalina ya kwanta da processor (ƙwaƙwalwar kwamfuta) Ryzen 5 5600, amma katin hoto ne ya tsaya min a rai. In sayi RX 6600 sabo, ko in nemi na hannu?

Malam Sani: Wa alaikumus salam. RX 6600 mai 8GB zai ishe ka a ingancin hoto na 1080p. Ka sani 5600 ba ya nuna hoto shi kaɗai, dole sai da kati. In na hannu ne, kada ka biya sai an kunna gem a gabanka ka ga zafinsa, ka saurari ƙarar fankarsa.

Ummi_Zariya: Ƙanina, RAM ka sayi 8GB guda biyu, ba 16GB guda ɗaya ba, ya fi gudu. In kuma B450 za ka saya a motherboard (babban allon da ake jona komai a kai), ka tambaya ko an sabunta BIOS ɗinsa (manhajar da ke tada allon), in ba haka ba ba zai tashi da 5600 ba.

Malam Sani: Kuma don Allah kada ka yi rowa a power supply (abin da ke ba kwamfuta wuta). Da irin wutar nan tamu, ka nemi 550W mai shaidar inganci ta 80 Plus Bronze, ka haɗa da UPS (batirin da ke riƙe kwamfuta in an ɗauke wuta).

Dan_Fagge: Na gode ƙwarai. Akwatin fa, kowanne zai yi?