Muhawara a kan Isaac Hayes: wa ya naɗa shi sarkin funk?

Baban Asabe, Kano: Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Tun shekaranjiya wani abu yake ci mini tuwo a ƙwarya, kuma ba zan sami sukuni ba sai na amayar da shi. Ina kakkaɓe tsofaffin fayafayaina na garmaho, sai ɗan ƙanwata da ke jami'a ya ɗauki ɗaya, ya dubi hoton kan nan da aka aske ƙwal a jikin kwalinsa, ya karanta sunan Isaac Hayes, mawaƙin nan na Amurka, ya ce ai wannan shi ne mai muryar kukun nan na katun ɗin South Park. Iyakar saninsa da mutumin ke nan. Faifan da ke hannunsa kuwa Hot Buttered Soul ne na 1969, mai waƙoƙi huɗu kacal, ɗaya daga cikinsu ta haura minti 18. Wannan fa shi ne baƙar fata na farko da ya karɓi kyautar Oscar ta waƙar fim, a 1972, saboda waƙar fim ɗin Shaft. Ni a ganina masu harkar fim a Amurka sun zalunce shi, domin shi ya so ya fito a matsayin jarumin Shaft, aka ba Richard Roundtree, aka bar shi da kiɗa. Duk wanda ya kalli Truck Turner na 1974, ko Escape from New York na 1981 inda ya fito a matsayin Duke, uban 'yan daba mai yawo a Cadillac da aka ɗaura wa fitilun falo a gaba, ya san ɗan wasa ne na gaske. Abin takaici ne a ce sarkin kiɗan funk guda ya koma kukun katun a idon yaranmu.

Malam Mai Kaset, Zariya: Wa'alaikumus salam, Alhaji. Da girmanka, amma kalmar nan ta sarkin funk ba za ta wuce ta gabana ba. Shekara da shekaru na yi ina sayar da kaset, kuma ban taɓa jera Isaac Hayes a layin funk ba. Funk yana da mai shi, wato James Brown, wanda tun daga Cold Sweat a 1967 ya mayar da kowane kayan kiɗa tamkar ganga, ya ɗora nauyin kiɗan duka a kan bugun farko. Mutuminka kuwa kiɗa mai sanyi yake yi, da gogen Turawa da doguwar magana kafin ya shiga waƙa. Shi da David Porter suka rubuta wa mawaƙan nan biyu Sam da Dave waƙar Soul Man a kamfanin Stax na Memfis, sunan waƙar ma ya isa ya gaya maka gidansu.

Baban Asabe, Kano: Malam, ka koma ka saurari farkon waƙar Shaft, inda Willie Hall yake kaɗa farantan gangarsa babu ƙaƙƙautawa, jitar Skip Pitts tana kuka a kansu, har fiye da minti biyu kafin a ji muryar mutum. Idan wannan ba funk ba ne, to ka gaya mini sunansa. Amma ni maganar fim na kawo.

Malam Mai Kaset, Zariya: Waƙa ɗaya ba ta naɗa sarki, Alhaji.

Hajiya Maman Fati, Nima, Akara: Malam Mai Kaset, ka yi haƙuri, amma idan maganar naɗi ake yi, mu nan Gana mun riga mun naɗa shi. A 1992 mutanen Ada, can inda kogin Bolta ya faɗa teku, suka ba shi sarauta da sunan Nene Katey Ocansey na ɗaya, kuma bai karɓi sarautar ya tafi abinsa ba, ya gina musu cibiyar koyar da karatu da kwamfuta. Ina so a nuna mini garin da James Brown yake da kujera a ƙasar nan ta Afirka.

Ɗan Galadima, Katsina: Hajiya, a yi hattara da kalmar sarki. Sarki shi ne mai ƙasa da talakawa, wanda ya gaji gidan, masu zaɓen sarki suka zauna a kansa. Abin da aka ba wannan bawan Allah sarautar girmamawa ce, irin wadda ake ba baƙon da ake fatan ya kawo ci gaba. Mu a nan ko hakimi ba ya yarda a kira shi da sunan da ya fi rawaninsa.

Hajiya Maman Fati, Nima, Akara: Ranka ya daɗe, ku mutanen Arewa kullum gani kuke yi sarautar da ba a naɗa da rawani ba ba sarauta ba ce. Mutanen Ada suna da tasu al'adar, kuma ba su nemi izinin kowa ba kafin su zaunar da shi.

Ɗan Agege, Legas: Iyayena, ku gafarce ni in sa baki. Duk wannan sarautar da kuke rabawa tsakanin Amurkawa biyu, mawaƙinmu na Nijeriya Fela Kuti ne ya fi cancanta da ita. Da James Brown ya zo Nijeriya a watan Disamba na 1970, makaɗansa, har da Bootsy Collins, gidan rawar Fela suka tafi suka zauna suna kallon hannun makaɗinsa Tony Allen a kan ganga. Mahaifina ya sha gaya mini cewa daga nan suka kwashi abin da suka koma da shi gida.

Malam Mai Kaset, Zariya: Yaro, Allah ya ƙara wa mahaifinka daraja, amma lissafin bai fita ba. Cold Sweat ta girmi wannan ziyara da shekara uku, kuma tun kafin Fela ya tafi Amurka a 1969 Geraldo Pino na Saliyo yake cika gidajen rawa a Legas da salon James Brown. Ku mutanen Legas komai aka taɓa sai ku ce daga wurinku ya fito.

Ɗan Agege, Legas: Baba, ni Bahaushe ne kamar kai, haihuwar Agege ba ta canja mini asali ba, kuma ban ji daɗin wannan magana ba.

Malama Uwar Biyu, Maraɗi: Ni dai batun kukun nan ne ya tsaya mini. Aikin ya zo masa ne a 1997, bayan Stax ya durƙushe a 1975, shi kuma ya yi karayar arzikin da ta raba shi da haƙƙin waƙoƙinsa. Mutumin da ya tsaya gaban taron bikin kiɗa na Wattstax a 1972 sanye da rigar sarƙoƙi masu ruwan zinariya, a ce murya kawai ake saye a wurinsa, akwai abin dubawa a maganar Alhaji. Shin a cikinku akwai wanda ya kalli Truck Turner ya gaya mana yadda wasansa yake?

Ɗan Galadima, Katsina: Hajiya Maman Fati, ban raina al'adar kowa ba, amma har yanzu ba ki gaya mana ƙauye nawa ne a ƙarƙashinsa ba.

Baban Asabe, Kano: Allah ya saka miki da alheri, Malama, ke kaɗai kika karanta abin da na rubuta. Sauran kuwa na bar ku da sarautarku.

Shugaban zaure: To jama'a, dare ya yi, za mu rufe a nan. Abin da na fahimta shi ne mafi yawan masu magana sun yarda cewa James Brown ne uban funk, kuma hujjar da Malam Mai Kaset ya kawo ta 1967 babu wanda ya iya ture ta, kamar yadda duk wanda ya tashi da waɗannan fayafayai ya sani. Isaac Hayes, wanda ya rasu a Memfis a watan Agusta na 2008, babban mawaƙin soul ne, kuma muna girmama sarautar da 'yan'uwanmu na Gana suka ba shi. Maganar Fela ba ta cikin batunmu. Batun fim kuwa, tunda Alhaji da kansa ya janye, mun ɗauka an wuce wurin. Malam Mai Kaset ya riƙe mana jerin waƙoƙin James Brown da za mu saurara ranar Asabar.